Almakashin Yaya

Litinin, da hantsi

Nas ce ta ce in riƙa rubutawa. Abin da Yaya ta ci, ko ta yi barci, ko ta yi magana. Na ce mata rubutuna ba kyau, ban yi nisa a makaranta ba. Ta ce ba gasa ake yi ba, ke dai rubuta. Ta ce in ta ga Yaya ba ta fara ci ba, ba ta fara magana ba, to dole a mayar da ita wancan ɗakin na asibiti mai ƙarfe a taga. A gaban Yaya ta faɗa. Yaya na kwance ta ba mu baya. Da nas ta fita na je gyara mata mayafi, sai ta kama hannuna ta matse har ya yi shaida. Na gane.

Jiya na zo. Mama ce ta sa ni a mota. Ban taɓa zuwa garin nan ba. Gidan bene ne, ɗakuna a jere, kowa da ƙofarsa. Namu a sama yake, ɗaki da falo da ɗan kicin wanda mutum biyu ba sa juyawa a ciki.

Mijin Yaya bas yake ja, kowa Direba yake ce masa. Da can in ya gan ni cewa yake ga Kan Kwakwa ta iso, a ɓoye tukunya. Jiya Auta kawai ya ce. Ya ce abu ɗaya zan gaya miki, kada ki bar ta ita kaɗai. Na ce to.

Ta sha ruwa. Shayin ta bar shi ya huce.

Talata, bayan azahar

Na tashi girki na nemi wuƙa, babu. Na buɗe duk durowar kicin. Ba wuƙa, ba reza, ko abin yanke farce babu. Na kira Direba a waya, yana cikin hayaniyar fasinja, ya ce suna ƙasa wurin tsohuwa, a cikin bokiti, can za ki riƙa zuwa ki yanka abin da za ki yanka ki dawo. Ya ce amma ki bari sai maganin safe ya kwantar da ita. Ban tambaye shi dalili ba. Shi ma bai faɗa ba.

Maganin a aljihunsa yake yawo. Shi ke ba ta da hannunsa kafin ya fita.

Na sauka da albasa a kwano. Ɗakin tsohuwar daidai ƙarƙashin namu yake. Yaran gidan Kaka Tsumma suke ce mata, kuma tana amsawa. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ke ce baƙuwar? Tun da kika zo nake jin ƙafar nan taki a tsakar kaina, na zaci jaki suka hau bene da shi. Ta ce kwantar da hankalinki ki yi yankanki, rufin nan kamar ganga yake, in 'yar'uwarki ta sauko da ƙafa daga gado ni zan fara ji.

Bokitin shuɗi ne mai murfi, a bayan ƙofarta. Na zaro wuƙa ban kalli sauran ba.

Yaya ta ci rabin ayaba. Ba ta yi magana ba.

Laraba, da yamma

Ba ta ci ba. Ba ta yi magana ba. Wasu mata sun zo sun zauna a falo, sai haƙuri, sai haƙuri. Ɗaya ta ce ai da sauran ƙuruciya, Allah zai kawo wani. Sun tafi. Na wanke kofuna.

Alhamis, da hantsi

Na sauka yanka tumatir na tarar Kaka ta baza wani abu a kan gadonta. Bargo ne amma ba irin na kasuwa ba. Ƙananan ƙyallaye aka haɗa, ja, kore, mai fure, mai zane, har da wanda zan rantse aljihun wando ne. Na tsaya da tumatir a hannu ina kallo.

Ta ce rufe bakin kar ƙuda ya faɗa. Ta ce ita ba tela ba ce, ba ta taɓa sayar da ko ɗaya ba. Shara ta yi a wata makaranta har ƙarfi ya ƙare, da ta zauna gida zaman ya nemi ya haukata ta, sai ta fara bin shagunan teloli tana kwashe abin da suka zubar. Ta ce na shagon su Yayarki na fi so, don ita in ta yi yanka ko ragowar a miƙe take fitowa.

Ni ban san yanka Yaya ke yi ba. A gida cewa muke tana aiki wurin teloli, shi ke nan. Kaka ta ce duk telolin shagon hannunta suke jira, in ba ta yanka ba keke ba ya motsi.

Ta ce ke me kike yi a sama duk yini? Na ce zama. Ta ce ido kika sa mata? Na ce e. Ta ce mutum ko lafiyarsa ƙalau aka zuba masa ido yini guda sai ya kwanta ciwo. Ta jawo ni ta zaunar, ta miƙo allura ta ce sa zare. Na lashi bakin zaren na yi ta fama. Ta ce ido kamar na mujiya amma ɗan ramin nan ya gagare ki.

Bari in rubuta abin da ta koya min kar in manta. Fuska da fuska ake haɗa ƙyalle, bayansu a waje. A bar faɗin ɗan yatsa daga baki. Allura ta shiga ta fita, ƙanana, kamar tafiyar tururuwa. In an kai ƙarshe a ɗan koma baya kafin a ƙulla.

Ta cika min leda da ƙyallaye. Almakashi kuwa ta ce a'a, wannan ba ya hawa bene. Ki yaga da hannu, zare ki tsinke da haƙori.

Ƙari da dare: da Direba ya dawo na nuna masa allurar. Ya daɗe yana kallonta a tafin hannuna. Ya ce kada ta bar jikinki. Na soke ta a cikin bakin rigata.

Ta sha shayi kaɗan.

Juma'a, bayan la'asar

A bakin ƙofar ɗakinta nake zama yanzu, bayana a jikin bango, ledar a gefe. Ƙyalle yana da hanyar da yake yarda ya yagu, in kika bi ta wata hanyar sai ya karkace ya tafi inda ya ga dama. Duk sanda na yaga, kyaaat, sai in ga kafaɗar Yaya ta motsa a ƙarƙashin mayafi.

Allurar ta soke ni a ciki da na yi sujada. Ban ji zafi ba sai da na ga ɗigon jini.

Ba ta ci ba.

Asabar, da hantsi

Na kai wa Kaka abin da na haɗa. Ta ɗora shi a tebur ya ƙi kwanciya, ya tashi kamar kwano. Ta yi dariya har da tari. Ta kifa shi a gwiwarta ta ce wannan hular wane marar sa'a kika ɗinka wa? Ta ce jan zaren kike yi kamar mai jan akuya zuwa kasuwa. Ƙyalle ba ya son shaƙewa. Ki ja, ki sake, ki shafa da yatsa. Ta ce warware shi duka.

Na ce duka? Ta ce 'yar nan, rabin ɗinki warwara ne.

Tana bincika ledar don ta ware min masu taushi, sai ga wani ɗan yadi ruwan ɗorawa, mai 'yan agwagi a jiki, laushi kamar auduga. An yanka shi har an fara kalmasa wuyan. Ɗan mitsitsi. Kaka ta daina dariya. Ta ce wannan kuskure ne ya shigo ledar, ba na haɗawa ba ne. Ta tura shi ƙarƙashin filonta. Ta ce kin hau da shi sama? Na ce yana cikin ledar dai, ban fito da shi ba. Ta ce to.

Ƙari da dare: na warware duka. Yini guda ya ci.

Lahadi, da yamma

Mama ta kira. Ya mai jiki, da sauƙi. Ke kina ci, ina ci. Ta ce a kara mata wayar a kunne. Na kara. Mama ta yi ta magana tana addu'a tana kuka. Idon Yaya a bango.

Ni ba na jin komai. Ina dai yin abin da aka ce.

Litinin, da hantsi

Ba ta ci ba. Ɗinkina ya fara kwanciya.

Talata, bayan azahar

Shinkafa kaɗan. Ta mayar da kwanon.

Alhamis, da hantsi

Nas ta zo. Ta gwada jinin Yaya, ta duba idonta, ta tambaye ta abubuwa, ba amsa. Ta ce an rage maganin safe don barcin ya yi yawa. A falo ta ce min ƙanwata, kina ƙoƙari, amma ba haka na so in gani ba. Ta ce zan dawo Alhamis mai zuwa, in haka na tarar ba yadda zan yi, jikinta ya fara cin kansa.

Ta ga abin da ke cinyata ta ce me za a yi da wannan? Na ce ban sani ba tukuna, Kaka ta ce in ya yi girma zai zama bargo. Ta ce to Allah ya raya.

Da ta ce Allah ya raya sai ta kama bakinta ta kalli ƙofar ɗakin.

Juma'a, bayan la'asar

Ta yi magana.

Ina zaune a bakin ƙofa ina haɗa wani kore da wani mai fure. Sai na ji an ce kin haɗa shi a baibai. Muryar kamar ƙofar da ta yi tsatsa. Na ɗaga kai. Ta juyo, idonta a kan hannuna, ba a fuskata ba. Na duba, gaskiya ne, bayan koren na ɗora a fuskar mai furen. Kafin in sake ɗaga kai ta koma ta ba ni baya.

Na ce Yaya na gode. Na ce Yaya ko za ki sha shayi. Shiru.

Na gaya wa Direba da ya dawo. Ya ce me ta ce? Na maimaita. Ya ce shi ke nan? Na ce shi ke nan. Ya shiga ya zauna a bakin gadon bai cire takalmi ba. Ba ta ce masa komai ba.

Asabar, da hantsi

Da gangan na haɗa wani a baibai na ɗaga shi yadda za ta gani. Ba ta tanka ba.

Kaka ta ce na gaji da ganin masu kusurwa huɗun nan naki, kamar gonar malalaci. Ta nuna min wani bargo mai tauraro a tsakiya. Ƙyallaye masu kusurwa uku ake haɗawa su ba da tauraron. Ta ce wannan kam ba ya yaguwa da hannu, sai an yanka. Sai a samu kwali mai ƙarfi a fitar da ma'auni, a riƙa ɗora shi a kan ƙyalle ana bi. Ta ce ki samo kwalin, ranar Litinin mu yi.

Lahadi, bayan azahar

Kaka ta yi tafiya. An zo da mota an ɗauke ta, 'yarta ce a wata unguwa, lokacin haihuwarta ya yi. Ta ba ni makullin ɗakinta saboda wuƙa. Ta ce kar ki faɗa a sama inda na tafi. Ta tafi da jakar ɗinkinta da almakashinta.

Ban faɗa ba.

Ruwa kawai Yaya ta sha.

Litinin, bayan la'asar

Rubutun yau zai fi kullum muni.

Na samu kwalin sabulu. Na zana mai kusurwa uku a jiki da biro kamar yadda Kaka ta nuna. Na ce in na sauka ƙasa na zauna yanka zan daɗe, kuma tun da aka rage magani Yaya ba ta barci sosai da rana. Na ce bari in nemo almakashi a bokitin in hau da shi, in tsaya a kicin inda nake hango ƙofarta, in yanka in mayar, ba wanda zai sani.

A ƙasan bokitin yake. Babba ne, mai nauyi, an naɗe wurin babban yatsa da ƙyalle har ƙyallen ya yi baƙi yana sheƙi. Na soke shi a ƙugu na rufe da zani na hau.

Na yanka gefe ɗaya na kwalin. Ƙarar ba daɗi, kamar akuya na taunar takarda. Na kama gefe na biyu. Sai na ji ƙafa a ƙasa.

Tana tsaye a ƙofar ɗaki ta dafa bango, kanta ba ɗankwali. Tun da na zo ban ga tsayinta ba sai in bayi za ta, shi ma a sunkuye. Ta ce uban me kike yankawa da shi?

Na ce kwali ne Yaya.

Ta ce kwali. Almakashina. Kwali. Ta ce ke dai jaka ce tun kina goye. Shekara da shekaru ina hana teloli taɓa shi, mai shagon ma bai isa ya ɗauka ba, ko leda ban taɓa bari an yanka da shi ba, ke kin taso daga gida da kanki kamar kwakwa kin zo kin cusa masa kwali. Ta ce kin san abin da takarda ke yi wa kaifi? Kin kashe shi. Yanzu in aka sa masa yadi taunawa zai yi. Wa ya koya miki, wannan tsohuwar mai kwashe shara?

Tana faɗa tana haki. Jijiyar wuyanta ta tashi. Irin faɗan da take min a gida in na sa takalminta.

Ta miƙo hannu ta ce ba ni nan.

Na mayar da shi bayana.

Ta ce Auta, ba ni in ga ɓarnar da kika yi.

Na ce Yaya an hana.

Hannun yana miƙe, sannan ya sauka a hankali. Ta ce tsorona kike ji. Na ce ba tsoronki ba. Ta ce to tsoron me? Ta dube ni a fuska, yau ne ta fara dubana a fuska. Ta juya ta koma ta kwanta ta ja mayafi har ka.

Na sauka da gudu na jefa shi a bokiti na kulle na hawo da gudu. Tana nan yadda na bar ta.

Litinin, bayan magariba

Na gaya wa Direba. Ba na iya ɓoye abu, fuskata ke tona ni.

Bai yi ihu ba. Ya zauna a ƙasa a bakin kicin. Ya ce kin san abin da na tarar ranar nan, a nan wurin da kike tsaye? Na ce ban sani ba. Ya ce gara da ba ki sani ba. Ya ce abu ɗaya na roƙe ki. Ya karɓi makullin. Ya ce in nas ta zo zan gaya mata, ta tafi da ita, ke kuma ki haɗa kayanki.

Na ce to.

Talata, da hantsi

Ba ta ci ba. Ba ta sha ba sai da Direba ya matsa. Albasa da hannu na ɓare na jefa a tukunya a dunƙule.

Laraba, bayan azahar

Ba ta ci ba. Na zauna a bakin ƙofa ban yaga komai ba. Na haɗa jakata. Bargon ban san ko in tafi da shi ba, bai kai ko na rufe ƙafa ba.

Alhamis, bayan azahar

Nas ta zo, Direba bai fita aiki ba. Ya gaya mata komai a falo, murya ƙasa-ƙasa. Ta juyo ta ce ƙanwata, haka aka yi? Na ce e. Ta ce kin yi ganganci babba, kin sani? Na ce na sani. Ta ce to me ta ce miki, faɗa min yadda ta faɗa.

Na faɗa. Jaka, kan kwakwa, uban me, duka. Nas ta sa hannu ta rufe baki. Direba ya ce abin dariya ne?

Ban san inda na samu bakin ba. Na ce Yaya Direba, zagina ta yi. Tun da na zo gidan nan wadda ke kwance ba ta san ni ba, ko na zo ko ban zo ba duk ɗaya. Ranar nan ta tashi da ƙafarta ta zage ni tas. Wannan ita ce Yayata. Kuma ba bakin almakashin ta kalla ba, kwalin ta kalla. Ni ce a wurin, na gani.

Ya ce in kin yi kuskure fa? Na ce ban sani ba.

Nas ta shiga ɗakin ta tura ƙofa. Ta daɗe. Muna jin muryarta, can kuma muka ji wata muryar, gajeru-gajeru. Direba ya sunkuyar da kai. Da ta fito ta tsaya a baranda ta kira likita a waya. Ta dawo ta ce ga abin da za a gwada. A ba ta almakashin ta yi yanka da rana, a falo, ku biyu kuna zaune, in ta gama a mayar da shi ƙasa a kulle. Ta ce ba wai an fasa ba ne, in cin abinci bai zo ba maganar asibiti tana nan. Amma a ba ta 'yan kwanaki.

Direba ya ce bai yarda ba. Ya ce ku ba ku gani ba, ni na gani. Ya ɗauki hularsa ya fita.

Juma'a, bayan magariba

Bai ce min in tafi ba, ban tafi ba. Ya dawo da wani abu a naɗe cikin jarida. Bai hau da shi ba, ya buɗe ɗakin Kaka ya ajiye. A matakala ya ce min almakashin ne, ya kai wa mai washi na bakin tasha. Ya ce na gaya masa na yadi ne, ya bi a hankali. Ya ce gobe ba zan fita ba.

Idonsa ja. Ban san ko ya ci abinci ba, ban tambaya ba.

Asabar, bayan la'asar

Na shimfiɗa tabarma a falo na juye ledar. Direba ya hawo da shi ya ajiye a gabana, ya koma ya zauna a bakin kujera. Na leƙa na ce Yaya, an kawo. Na zaci ba za ta fito ba. Mun zauna muna jin rediyon maƙwabta. Can sai ga ta, ta ɗaura ɗankwali a karkace.

Ta zauna. Na warware jaridar. Na kama ta wajen bakin na miƙa mata marikin. Direba ya matso gaba.

Ta sa yatsunta. Ta kai shi kusa da kunne ta buɗe ta rufe, ta buɗe ta rufe. Ta ce wa ya wasa shi? Direba ya ce na bakin tasha. Ta ce mai wasa adda. Ba ta dube shi ba amma da shi take. Tun ranar nan ba ta yi masa magana ba sai yau.

Ta ɗauki kwalina mai kusurwa uku ta juya shi ta wurgar gefe. Ta zaɓi wani ja, ta ninke, ta sake ninkewa, ta shafa da gefen hannu. Ba alli, ba awo. Ƙarar daban take da tawa, sumul, kamar an ja numfashi. Masu kusurwa uku suka zubo a tabarma, duk kansu ɗaya. Ta ɗauki fari ta yi haka. Ta ce miƙo shuɗin can, ba wannan ba, makauniya, mai duhun.

Ta kama shuɗin. Yankan ya karkace. Ta tsaya.

Ta ajiye ƙyallen. Almakashin yana buɗe a hannunta, tana kallon bakinsa. Ta daɗe tana kallo. Na ga hannun Direba ya bar gwiwarsa. Ni ban motsa ba, ba don jarumta ba, jikina ne ya mutu. A ƙasa wani yaro yana buga ƙwallo a bango.

Ta rufe shi. Ta juya shi ta kama bakin ta miƙo min marikin.

Ta ce mayar da shi ƙasa. Ki kulle. Ko na roƙe ki kada ki bar shi ya kwana a nan.

Na karɓa. Direba ya miƙo min makullin. Na miƙe.

Ta ce gobe ki kawo shi war haka. Shuɗin nan ba ki iya ba, ɓata shi za ki yi.

Direba ya tashi ya shiga kicin ya buɗe famfo ya bar shi yana zuba.

A matakala na tsaya. Na zauna da shi a cinya cikin jaridar. Wata mata ta zo wucewa da kwandon wanki ta ce baƙuwa lafiya? Na ce lafiya. Na tashi na kai shi na kulle.

Lahadi, da hantsi

Ta ci burodi da shayi, ba duka ba. Ta tambaye ni ƙarfe nawa. Na gaya mata. Can an jima ta sake tambaya.